Yaya Ta Yi Tafiya

A shagon ɗinkin Babanmu akwai dokar da ba a karyawa: kaya ba ya fita sai an bi shi da salatif. Za ka naɗe tafin hannunka da shi, ɓangaren danƙon yana waje, ka yi ta dannawa a jikin yadi kana ɗagawa, har duk wani guntun zare da ƙura su biyo hannunka. Baba yakan ce buroshi kora datti kawai yake yi daga kafaɗa zuwa aljihu, salatif ne ke ɗauke shi. Tun ba mu kai tsayin teburin yanka ba muka iya wannan aikin.

Shagon yana bakin titi, ɗakunanmu suna bayansa. Tsakaninsu akwai wani ɗan sito marar taga inda ake jingine bandir-bandir na yadi, katako ne kawai ya raba shi da shago. Keken da ke bakin ƙofa, inda haske ya fi shigowa, na Yaya ne. Ita ke ɗora wa kwat wuya, kuma duk layinmu babu mai kwantar da kwala kamarta, har masu kawo ɗinki suka sa mata suna Mai Kwala. Ni kuwa Lauya ake ce min a gida, ba don shari'a nake karanta a jami'a ba, don bakina ne ba ya mutuwa.

Abin ya fara mata kamar amosani. Daga kai ya sauko bayan kunne, ya tsallaka gwiwar hannu, ya zauna a bayan tafinta: tabo mai kauri, samansa da ɓawo fari kamar an goga allin yanka. Umma ta ce kirci ne. Maƙwabciyarmu ta sama ta ce makero. Ni na ja ta zuwa wajen likitar fata.

Likitar ta kama hannun Yaya da nata hannun, babu safa, ta jujjuya shi.

"Sunansa soriyasis," ta ce. "Ba ƙazuwa ba ce, ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka. Fatarki ce ke gaggawar sabunta kanta. Ba ya tafiya gaba ɗaya, amma ana lallaɓa shi a zauna lafiya. Ki riƙa shafa man da zan rubuta miki, ki ɗan sha hantsi da safe. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki ɓamɓare shi. Duk inda kika ji wa fatar ciwo, nan zai sake tsirowa. Ki dawo in ga yadda ya karɓi magani."

A hanya Yaya tana ta dariya.

"Lauya, sake faɗa min sunan."

Na faɗa.

"Kai! Ciwon ma ɗan boko ne irinki. Ni da ko kirci ne ai da na san yadda zan gaishe shi."

A lokacin ne wata mata mai otal, wadda Baba ke kira Madam, ta kawo ɗinkin baƙaƙen kwat na ma'aikatanta. Ranar karɓa ta ɗaga kwalar ɗaya, ta ga ɗan farin gari a lungun ɗinkin, inda salatif bai kai ba. Ta hure shi.

"Alli ne wannan?"

"Alli ne, ranki ya daɗe," in ji Baba.

Ta kwashi kayanta ta tafi tana yaba aiki. Motarta ba ta gama barin layi ba Baba ya kama kan keken Yaya ya fara jansa zuwa sito.

"Baba, likita fa ta ce ba a ɗauka," na ce.

"Na ji. Likitar ce ke kawo min ɗinki?"

"To me ta yi?"

"Wa ya ce ta yi wani abu? Na ɗan lokaci ne, har fatar ta kwanta. Kama min can, ki daina tsare ni da ido."

Ban kama ba. Yaya ce ta tashi ta kama masa ɗaya gefen.

Washegari wani malamin makaranta ya kawo wando, ya ga wajen keke wayam.

"Ina Mai Kwala?"

"Ta yi tafiya," in ji Baba. "Tana wajen gwaggonta."

Na san bai shirya maganar ba, faɗowa ta yi daga bakinsa. Amma kafin yamma ta zaga layi. Maƙwabciyarmu ta sama ta leƙo ta tambayi Umma, Umma ta ce haka ne, wai canjin iska aka ce ta yi. Mai shagon gilashi ya ce a gaishe ta in an yi waya. Da aka tambayi ƙarar keken da ake ji ta bayan katako, Baba ya ce wani sabon tela ya ɗauka, mai kunya ne, ba ya son jama'a.

Duk wannan a kunnen Yaya. Katakon ko tari ba ya tarewa.

Ranar komawa asibiti na shirya, na ɗauko mata takalmi. Umma ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ta ina za ki fita da ita?"

"Ta ƙofa mana, Umma."

"Mutumin da ya yi tafiya ne zai fito ta ƙofar gidansu da rana tsaka? So kike a ce ubanki maƙaryaci ne?"

"To ba ƙaryar ya yi ba?"

"Ke Lauya, ki kiyaye ni. Ki je ki karɓo mata man, ai kin san sunansa, ke da kike da boko."

Tsakar gidan da ake shanya na haɗaka ne, tagogin mutanen sama duk suna kallonsa. Saboda haka hantsin da likita ta ce a sha, shi ma ya haramta. Yaya ta koma rayuwa tsakanin ɗakin kwana da sito, ƙarƙashin ƙwan lantarki.

Da farko akwai fanka a siton. Baba ya shiga ɗaukar yadi, ya ga tana kaɗa garin fata tana watsawa kan bandir, sai ya kwance ta.

"Ba don komai ba," ya ce da Yaya, yana naɗe wayar. "Iskar nan ma ai busar miki da jiki take yi."

Umma kuma ta ɗaura jan zare a hannun wani kofi.

"Ba ƙyama ba ce," ta ce da ni, tun kafin in buɗe baki. "Tsari ne. Kowa da nasa ai ya fi."

"Ina nawa zaren?"

"Ke ai kin san kofinki."

Na ɗauki mai jan zaren na cika shi da ruwa na shanye a gabanta. Umma ta ce ba ni da kunya. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne Yaya, wadda ta fizge kofin daga hannuna ta je ta wanke shi da ruwan zafi, ta kai shi sito ta ɓoye bayan keke.

Zafin siton ya sa ta gumi, gumin ya sa ta ƙaiƙayi. Tabon ya haɗe daga wuyan hannu har kafaɗa, ya bazu a baya. Ta ɗinka wa kanta riga mai dogon hannu da roba a bakin, don kada komai ya zubo. Ta ɗinka safar hannu da ragowar yadin shafi, wanda ake sawa a cikin kwat. In na dawo daga makaranta na zauna kusa da ita, sai ta ja kujerarta baya. In ta tashi daga wuri sai ta waiga ta duba abin da ta bari. Ta daina cin abinci tare da mu, ba wanda ya hana ta, ba kuma wanda ya kira ta sai ni.

Wata rana na dawo da wuri, na tura ƙofar siton. Na same ta ta naɗe hannun riga, tafin damanta naɗe da salatif. Tana dannawa a damtsenta na hagu tana fizgewa. Kowace fizga tana tahowa da farin ɓawo, ta bar jan fili mai ɗigo-ɗigon jini kamar an caccaka allura.

"Yaya! Me kike yi haka?"

"Ina bin kaya da salatif," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Likita ta ce kada ki ɓamɓare."

"Likita ba ta taɓa ɗinka baƙin yadi ba. Gara in cire shi da hannuna kafin ya faɗa kan kayan mutane."

Na ƙwace naɗin na kai wa Umma a kicin. Ta zo ta kama hannun Yaya ta bakin riga, ta duba wajen da aka fizge.

"To ai ga shi ya yi sumul," ta ce. "Ke komai sai kin mai da shi shari'a."

Da ta je kasuwa, ita ta sayo mata salatif mai faɗi, irin na ɗaure kwali.

Duk inda salatif ya bi, tabo ya dawo ya fi na da kauri. Wurin da babu komai a da, in danƙon ya kama ya yage, nan ma sai ya tsiro. Daga nan faratanta suka fara yin ramuka, suna ɗagowa daga nama. Yatsu biyu na hannun dama suka kumbura, da safe ba sa lanƙwasuwa sai ta daɗe tana murza su. Kwalar da take kwantarwa kamar an zana ta fara karkacewa.

Malamin makarantar nan ya dawo da wani kwat da aka ɗinka masa, yana nuna wa Baba wuyan.

"Dubi nan. Wannan sabon telan naka bai kama ƙafar Mai Kwala ba. Don Allah yaushe za ta dawo?"

"Haƙuri za ka yi," in ji Baba. "Yaran yanzu ne, ba su da hannu. Za a gyara."

Ƙarar keken da ke bayan katako ta tsaya. Can kuma ta ci gaba.

Na koma wajen likitar ni kaɗai, na kwatanta mata yatsun. Fuskarta ta canza.

"Wannan ba maganar mai ba ce kuma. Ciwon yakan shiga gaɓoɓi, in aka yi sakaci ya lalata su, ba sa dawowa. Ba zan duba yatsu a bakinki ba. Ki kawo min ita, kada ki ɓata lokaci."

Na faɗa wa Baba yana kan teburin yanka. Bai ajiye almakashi ba.

"Bari a gama aikin Madam. Ta sake kawo wasu. In an gama sai mu ce ta dawo daga tafiya, a kai ta."

"Wancan karon ma haka ka ce, har fatar ta kwanta."

"To ta kwanta ne?"

"A ina za ta kwanta, Baba? A siton nan mai kama da tanderu?"

"Ke dai da wannan shagon ake biya miki makarantar da kike zuwa kina koyo min rashin kunya. Kina ganin daɗi nake ji? 'Yata ce fa."

Umma ta sa baki daga ciki. "Rufin asiri muke mata. Ke yarinya ce, ba ki san bakin mutane ba. In aka gan ta haka, suna za a sa mata wanda har ta mutu ba zai goge ba."

Ranar da Madam ta zo karɓar kaya ban je makaranta ba. Na zauna a shago ina naɗe hannuna da salatif kamar mai taimako. Ta ɗaga kwat ɗaya, ta taɓe baki.

"Wuyan nan bai kai na wancan karon ba. Har yanzu yarinyar nan ba ta dawo ba?"

"Tana hanya, ranki ya daɗe," in ji Baba.

"Tana nan," na ce.

Na taka na buɗe ƙofar siton har ƙarshe. Zafi ya bugo kamar an buɗe murhu. Yaya tana kan keke, ta cire safar hannu ɗaya tana fama da zare da allura. Hasken titi ya faɗa mata a fuska. Ta yi wata 'yar ƙara, ta fizgo baƙin yadi daga kan bandir ta lulluɓa har kai, ta durƙushe a bayan keke.

"Ga Mai Kwala," na ce. "Ba inda ta je. Ciwon fata gare ta, ba a ɗauka, likita ta faɗa. Duk kwat ɗin da ma'aikatanki ke sawa ita ta ɗinka su a nan."

Baba ya tsaya da alli a hannu, bakinsa a buɗe. Madam ta leƙa siton, ta dubi katakon, ta dubi ƙugiyar da fanka take a da.

"Subhanallahi. A nan ciki? To me ya hana a kai ta asibiti?" Ta juya wajen tulin yadin da ke rawa a ƙasa. "Sannu, 'yata. Allah ya ba ki lafiya." Sannan ta ce da Baba, "Ni dai a gyara min wuyan nan kafin ƙarshen mako."

Ta fita. Shi ke nan abin da duniya ta yi. Ba ta fasa ɗinki ba, ba ta tara jama'a ba. Mai shagon gilashi da ya ji labari cewa ya yi dama shi ya yi mamakin tafiyar da ba a ga jaka ba.

Da yamma Baba ya zauna a kan benci.

"To ai shi ke nan," ya ce. "Tunda kin tona, sai ta fito. Gobe a mai da keken wajensa, ki kai ta asibitin."

Na tashi da gudu. A zatona na ci shari'a.

Ƙofar siton a rufe take. Yaya ta tokare ta da bandir daga ciki.

"Yaya, buɗe. Baba ya yarda. Gobe za mu wajen likita."

"Kin kyauta," ta ce ta bayan katako. Muryarta a kwance, ba kuka a ciki. "Kin nuna ni. Hankalinki ya kwanta?"

"Ba abin da matar ta ce. Addu'a ma ta yi miki."

"Mai hankali ce, shi ya sa. Kina tsammani in ta karɓa ta je gida ba za ta sa a wanke kwat ɗin ba? Ni ma da ni ce ita, da na wanke."

"Ba a ɗauka, Yaya. A gabanki aka faɗa."

"Na sani ba a ɗauka. Ƙazanta ce dai. Ke ba kya share garin kullum, ni ke sharewa."

"Yatsunki fa? In suka lalace ba sa dawowa."

"In shiga mota haka? In zauna a kujerar da wani zai zauna bayana? Lauya, ki bar ni. Nan ɗin ya ishe ni."

Na buga ƙofar har hannuna ya yi zafi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira ta da sunayen da muke tsokanar juna da su muna yara. Washegari na sake, da jibi, da duk ranar da ta biyo baya. Baba da kansa ya je ya tsaya a bakin katakon ya ce ta fito, shi ya ce. Ta amsa masa da ladabi, ta ce to Baba, in ta ji sauƙi.

Ya dawo ya buɗe min hannuwa.

"Kin gani ko? Ni ban hana ta ba. Ita ce ba ta so."

Yanzu wannan ce maganar gidanmu. In an tambaya, Umma sai ta ce wallahi mun yi mun yi, ita ce ta ƙi. Kuma gaskiya suke faɗa, abin da ke ƙona min rai ke nan. Ba wanda ya taɓa dukan Yaya, ba wanda ya zage ta. An dai ja kekenta baya, an kwance fanka, an ɗaura zare a kofi, kowanne da dalilinsa mai kyau, har ta haddace darasin ta fi masu koyar da ita iyawa. Yau ko an cire ƙofar siton gaba ɗaya ba za ta fito ba. Baba ya mayar da fankar, ita ta ce a kashe.

Ɗinki ya gagare ta. Yatsun sun karkace, ba sa riƙe allura. Baba ya ɗauki sabon tela na gaske, yana zaune a bakin ƙofa inda haske ke shigowa, kwalarsa kamar kunnen jaki. Aikin da ya rage wa Yaya shi ne bin kaya da salatif, don shi ba ya buƙatar yatsu, tafi kawai yake so. Tana yinsa da safa biyu, fuska a ɗaure da ƙyalle.

Ban daina ba, kuma ba zan daina ba. Kullum kafin in tafi makaranta sai na shiga na ce mata yau likitar tana nan. Kullum sai ta ce gobe.

Jiya da safe na shiga sanye da baƙar riga, don muna da gabatar da aiki a gaban malamai. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya ɗan yi haske irin na da.

"Wa ya ɗinka miki wannan? Kafaɗar ta zube."

"Ke za ki gyara min, in mun dawo daga asibiti."

Ta yi murmushi ta girgiza kai. Ban san lokacin da na rungume ta ba. Ta sandare, tana ture ni da gwiwar hannu, ni kuwa na ƙi saki. Na ji ƙasusuwan bayanta, na ji kaushin fatar ta cikin riga. Mun daɗe a haka kafin in sake ta.

Na juya zan fita, ta riƙo bakin rigata.

"Tsaya."

Ta yago salatif da haƙori, ta naɗe tafinta, ta fara daga kafaɗata. Tana dannawa tana ɗagawa, a nutse, ta bi ƙirji, ta bi hannu, ta ɗaga wuyan rigar ta bi lungun ɗinkin.

"Yaya, bar shi. Ina so a gani."

"Juya," ta ce. "Ba za ki fita da ni a jikinki ba."